Raba ɗalibai bisa salon koyo ko a gauraya su?

Malama sannu da ƙoƙari. Kin ce kina koyar da harkar kuɗi a nan Katsina, kin koma tsarin juya aji, wato ki tura bidiyo ta WhatsApp su kalla a gida in an shigo aji sai aiki, kuma kina tambaya ko ki raba su gurup-gurup bisa salon koyo ko ki gauraya su. Ni dai gaurayawa zan ce, amma bari in jera maki su biyun.

Na farko shi ne rabawa bisa salon koyo, wato tsarin VARK da wani malami Neil Fleming ya fito da shi a 1987, wanda ya kasa ɗalibai gida huɗu: masu ganewa da ido, masu ji, masu karatu da rubutu, sai waɗanda sai sun yi da hannu. Daɗinshi sauƙin rabo, fom ɗaya za su cike kin gama, ɗalibi kuma ya ji an damu da shi. Inda gizo ke saƙar, a 2008 Harold Pashler da abokan aikinshi uku sun bi diddigin binciken da aka yi a kai, ba su samu ƙwaƙƙwarar hujja ba cewa in aka koyar da mutum ta salon da ya zaɓa makinshi na ƙaruwa. Kowa da abin da ya fi so, gaskiya ne, amma ki duba darasin namu, naira 100,000 a kan ribar kashi 10 cikin 100 duk shekara, ana ɗora ribar kan uwar kuɗi, bayan shekara 2 ta koma 121,000, to wanda ya ce shi mai ji ne ya zai gane mi ya sa ba 120,000 ba ce in bai ɗauki biro ya ga inda dubu ɗayan nan ta fito ba? Kuma ke za ki sha wahalar shirya kaya kala huɗu duk sati. Abin da ya fi ci mani rai shi ne yarinya ta cike fom ta yanke ma kanta hukunci wai ita ba ta lissafi ba ce, alhali a zauren jarabawa takarda ɗaya za a miƙa ma kowa.

Na biyu, gaurayawa bisa abin da suka gane a bidiyon. Suna shigowa ki yi masu tambaya biyar, minti goma ya isa, nan take za ki ga wa ya gane, wa ya kalla bai gane ba, wa bai ma kalla ba. Mu nan wannan ne ainihin bambancin da ke tsakanin ɗalibanmu, wani ba data, wani kwana biyu ba wuta wayar ta mutu, wata wayar ma ta yayanta ce sai dare yake dawowa. Sai ki haɗa mutum huɗu, ɗaya mai ƙarfi, biyu tsaka-tsaki, ɗaya da ke baya, ki ba su lissafin murabaha na sayen babur, wato banki ya sayi babur ya sayar ma mutum da riba yana biya a hankali, su fitar da ribar banki da biyan wata-wata. Eric Mazur na Jami'ar Harvard tun wajen 1991 yake sa ɗalibai su yi ma juna bayani a ajin fizik, don wanda bai daɗe da gane abu ba bai manta inda ake tuntuɓe ba.

Shi ma fa yana da nashi ciwon. Mai ƙoƙarin kan karɓe aikin sauran su zuba ido, kuma in kin sa mace ɗaya cikin maza uku sau da yawa shiru za ta yi, gara ki sa su biyu ko ki ware masu nasu gurup. Wanda zai tashi ya yi bayani a allo ke za ki zaɓe shi, ba su ba, kuma ki riƙa sauya gurup ɗin bayan sati uku ko huɗu.

Zane, murya da aikin hannu kar ki watsar da su, ki ba kowa duka. Bidiyon dai kar ya wuce minti takwas, ki haɗa da saƙon murya da hoton allo don masu ƙaramar data.