Shekara biyu da Consul: sabobi uku nake gani, ashe biyu ne

Kafin mu koma Consul, fayil ɗaya muke da shi mai ɗauke da adireshin IP na kowace saba: ta rumbun bayanai, ta aika saƙo, ta shafin da abokan ciniki ke shiga. Duk wanda ya tayar da sabuwa ko ya sauya adireshi, sai ya gyara fayil ɗin ya kwafa shi zuwa injuna 40 da muke kula da su. Ranar da aka manta injin guda, sai manhajar da ke kansa ta yi ta ƙwanƙwasa ƙofar da babu kowa a ciki, mu kuma mu yi ta neman laifi a inda babu shi. Wannan wahalar ce ta kai ni ga Consul, manhajar da ke riƙe jerin inda kowace hidima take, kuma yanzu da na yi shekara biyu ina riƙe da shi, zan faɗi yadda na same shi.

Kamfanin HashiCorp ne ya fitar da shi a 2014, an rubuta shi da harshen Go, kuma fayil ɗaya tak kake saukewa ka ɗora. A kan kowane inji akwai ɗan wakili da ke gudana. Kai ka gaya masa: a nan akwai hidima mai suna web, tana saurare a ƙofa ta 8080, ka leƙa ta kowane daƙiƙa 10 ka ga ko tana numfashi. Shi kuma wakilin sai ya kai rahoto ga sabobin tsakiya. Mai neman hidimar ba ruwansa da adireshi, suna kawai zai tambaya, wato web.service.consul, ta DNS, tsarin da ke mayar da suna zuwa adireshi, a ba shi jerin waɗanda ke da lafiya a lokacin. Wadda gwajinta ya faɗi, an cire ta daga amsar. Idan ya tambayi nau'in amsar DNS da ake kira SRV, har lambar ƙofar za a haɗa masa.

Wannan na DNS shi ya fi burge ni. Muna da tsofaffin manhajoji da babu wanda ke son taɓa su, wasu ma waɗanda suka rubuta su sun daɗe da barin aikin. Ba mu sauya musu layi ko ɗaya ba, sunan saba kawai muka canza a fayil ɗin saiti. Abin lura shi ne Consul yana amsa DNS a ƙofa ta 8600, ba 53 da kowa ya saba ba, don haka sai ka sa wani abu kamar dnsmasq, ƙaramar manhajar DNS, ya riƙa tura masa duk tambayar da ta ƙare da consul. Layi guda ne: server=/consul/127.0.0.1#8600.

Wakilan suna sanin halin junansu ta hanyar da masu shi da kansu suka kira tsegumi, kuma sunan ya dace. Kowane wakili yana ɗaukar wani a cikin taron ya taɓa shi. In bai amsa ba, sai ya sa wasu su gwada daga nasu ɓangaren kafin a yanke masa hukuncin mutuwa, labarin kuma ya bazu daga baki zuwa baki a ƙofa ta 8301. Da umarnin consul members kana ganin wanda ke raye da wanda ya faɗi. Wannan sashen bai taɓa hana ni barci ba.

Inda na sha ruwa shi ne wurin sabobin tsakiya, kuma laifina ne daga farko har ƙarshe. Da na ji an ce ana ɗora sabobi uku masu kwafin jerin, abin da ya zo mini a rai shi ne kowacce tana da cikakken jerin, in biyu suka mutu ta ukun ta ci gaba da aiki. Ba haka abin yake ba. Consul yana amfani da tsarin Raft, wanda Diego Ongaro da John Ousterhout na Jami'ar Stanford suka wallafa a 2014. A tsarin, sabobin suna zaɓen shugaba ɗaya, duk wani rubutu sai ya bi ta hannunsa, kuma ba ya zama tabbatacce sai mafi rinjaye sun rubuta shi a faifansu. Cikin uku, rinjaye biyu ne, saboda haka mutuwar ɗaya kawai za su jure. Cikin biyar, rinjaye uku ne, su jure biyu. Huɗu ba su fi uku juriya ba, biyu kuwa sun fi ɗaya hatsari, domin kowacce ta faɗi a cikinsu komai ya tsaya. Dalilin wannan tsaurin shi ne kada hanyar sadarwa ta rabe biyu, kowane ɓangare ya naɗa nasa shugaban, a wayi gari da gaskiya iri biyu.

Lissafin nan na san shi a takarda. Abin da ban duba ba shi ne, sabobina uku injuna ne na gaibu, wato na manhaja da ke gudana a cikin kwamfuta ta zahiri, kuma biyu daga cikinsu suna zaune a kan ƙarfe ɗaya, wato kwamfuta guda. Wani dare na'urar ba da wuta ta wannan ƙarfen ta ƙone, biyun suka tafi tare. Ta ukun na nan lafiya lau, tana ta kiran zaɓe babu mai amsa mata. Duk abin da na tura sai ya dawo da amsa guda, cewa babu shugaba.

Abin mamaki, shafinmu bai faɗi ba, kuma sai daga baya na gane dalili. A saitinsa na asali, DNS ɗin Consul ya yarda kowace saba ta ba da amsa daga abin da take riƙe da shi ko da ya kwana biyu, ba sai ta tuntuɓi shugaba ba. Don haka saba ta ukun ta ci gaba da faɗa wa masu tambaya inda hidimomi suke. Amma jerin ya daskare a yadda yake lokacin da wutar ta tafi. Hidimomi biyu da suka mutu tare da ƙarfen suna nan a rubuce da cikakkiyar lafiya, domin rahoton mutuwarsu rubutu ne, rubutu kuma yana buƙatar rinjaye. Wasu buƙatun suka riƙa faɗawa rami, wasu suna wucewa. A ganina wannan zaɓin daidai ne: tsohuwar amsa ta fi shiru alheri a irin wannan daren. Sai dai ya kamata mai riƙe da shi ya sani tun kafin ranar.

Farfaɗo da shi ya ci ni kusan awa ɗaya. Akwai hanyar rubuta fayil mai suna peers.json da hannu, ka jera sabobin da suka rage, ka ajiye shi a babban fayil na raft, ka sake tayar da sabar. Tana aiki, amma duk abin da bai iso ga wadda ta tsira ba ya tafi kenan, kuma ba abu ne da za ka so ka fara koyonsa da ƙarfe 3 na dare ba. Tun daga ranar na raba sabobin kan ƙarafa daban-daban, ina ɗaukar ajiya da consul snapshot save kowace rana, kuma kafin in taɓa kowace saba sai na fara duba consul operator raft list-peers. Na kuma mayar da raft_multiplier, saitin tsawon jiran da sabobin ke yi wa shugaba, daga 5 da yake zuwa da shi zuwa 1, don a gane mutuwar shugaba da wuri, bayan na tabbatar faifan sabobin masu sauri ne. Raft ba ya shiri da faifai mai nawa, sai ya yi ta sauya shugaba ba gaira ba dalili.

Akwai ƙananan abubuwan da za ka gyara da kanka. Yana zuwa a buɗe: tsarin izini a kashe yake, tsegumin ma ba a ɓoye shi ba sai ka samar da mabuɗi da consul keygen. Kada ka kuskura ka bar ƙofa ta 8500, wadda ake ba Consul umarni ta cikinta, tana kallon intanet. Sannan ko da yake Consul yana ba da amsar DNS da wa'adin sifili don kada a adana ta, wasu manhajojin sau ɗaya suke tambaya lokacin tashi, su riƙe adireshin har sai an sake kunna su. Wannan ba Consul zai magance maka ba.

Batun lasisi ma ya kamata a sani. A watan Agusta 2023 HashiCorp ya sauya lasisin daga MPL 2.0 zuwa Business Source License, daga baya IBM ya sayi kamfanin. Mu da muke amfani da shi a cikin gida sauyin bai taɓa mu ba, amma mai shirin sayar wa wasu hidima a kansa ya karanta sharuɗɗan da kyau.

Idan injunanka biyar ne kuma adireshinsu ba ya motsi, DNS na yau da kullum mai saba ta farko da ta biyu ya ishe ka, kada ka ɗora wa kanka kula da zaɓe. Idan duk aikinka yana cikin Kubernetes, tsarin da ke rarraba manhajoji a kan injuna, shi ma yana da nasa hanyar neman hidima. Namu kuwa gauraye ne, tsofaffin ƙarafa da injunan gaibu da ke zuwa suna tafiya kowane mako, kuma a nan Consul ya zauna daram. A wata mai zuwa zan ƙara sabobi biyu su zama biyar, kuma na riga na rubuta lambar ƙarfen da kowacce za ta zauna a kai.