Koren wake: ɗanye, na gwangwani ko na firiza?

Tun da likita ya ce Baban yara ya rage gishiri saboda hawan jini, koren wake ya zama abokin shinkafarmu kusan kullum. Iri uku ake samu a Kaduna, kuma duka ukun sun shiga tukunyata.

Ɗanyen shi ne zaɓina, kuma a kansa zan daɗe. Yawancinsa daga wajen Jos ake kawo shi, saboda sanyin can ya karɓe shi. Idan kina da hali, ki yi sammakon zuwa Bakin Dogo kafin rana ta buɗe, ko ki leƙa Kasuwar Kawo ranar Talata. Kada sheƙin da kika gani a faranti ya ruɗe ki, masu kayan gwari suna yayyafa masa ruwa ne. Ranar nan na tambayi wani dattijo, "Baba, na yau ne?" Sai ya miƙo mini guda ɗaya ya ce, "Hajiya, karya ki ji." Na karya, ya ce ƙas, ga ɗan ruwa a bakin karayar. Wannan shi ne sabo. Wanda ya lanƙwashe kamar igiya ya kwana biyu a kasuwa. Wanda kuma 'ya'yansa suka kumbura har kina ƙirga su ta waje ya tsufa, zare ne zai cika miki baki. Ki nemi siriri, wanda bai kai kaurin fensir ba, marar baƙin tabo. Kar ki wanke shi sai za ki dafa. A firji yana iya kai mako guda, a waje kuwa da zafin nan namu kwana 2 ma da ƙyar.

Na gwangwani yana da ranarsa, misali baƙi sun yi miki dirar mikiya da dare. Sai dai a ruwan gishiri ake adana shi, kuma ya riga ya dahu luguf, launinsa ya dushe. In dole ce ta sa, ki tsiyaye ruwan, ki ɗauraye shi a gwagwa, gishirin zai ragu. Gwangwanin da ya kumbura ko ya yi tsatsa, ko kyauta aka ba ki kar ki karɓa.

Na firiza da ake samu a manyan kantuna ya fi na gwangwani kyau nesa ba kusa ba, tunda ba a cika sa masa gishiri ba. Matsalarsa wuta. Ki lallatsa ledar: in ya dunƙule ya zama curi ɗaya, ya narke an sake daskarar da shi.

Dahuwar ɗanyen ba wuya. Ki cire kai da gindi, ki zuba a tafasasshen ruwa minti 4 zuwa 5, ki tsame ki watsa masa ruwan sanyi don korensa ya tsaya. Sai cokali ɗaya na man gyaɗa, albasa, tafarnuwa, karas da ɗan attaruhu, ki juya minti 2. Roƙona ɗaya, kar ki jefa masa kanwa kamar yadda muke yi wa wake. Tana narkar da shi, tana kuma kashe bitamin ɗin da kika ba da kuɗinki dominsa. Ni ina matsa lemon tsami a ƙarshe, shi ya sa Baban yara bai taɓa tambayar gishiri ba.