Ma'aunin zafin jiki na kemis: yaro ya je makaranta ko ya zauna?

Ga iyaye ma'aikata masu sammakon fita, wannan ɗan ma'auni mai kama da biro ya fi taɓa goshi da bayan hannu nesa ba kusa ba. A goge gumin hammata, a sa bakin ma'aunin a tsakiya, a matse hannun yaron a jikinsa har ma'aunin ya yi ƙara. Hammata takan nuna ƙasa da ainihin zafin da kusan rabin digiri, don haka 37.5 ma zazzaɓi ne. In ya kai haka, yaron ya zauna gida, a yi masa gwajin maleriya. A auna kafin a ba shi farasitamol, domin maganin yana danne zafi. Aibin ma'aunin, in yaro na mutsu-mutsu yakan zame ya ba da lambar ƙarya, kuma batirinsa LR41 ba kowane shago ke da shi ba.