Kogwannin Mabul na Chile: Jirgi Mai Inji ko Kwalekwale, da Waɗanda Bai Kamata Ka Ba Kuɗinka Ba

Duk wanda ya tambaye ni yadda zai ga kogwannin mabul na tafkin General Carrera, amsata ɗaya ce. Ya kwana a garin Puerto Río Tranquilo, ya tashi da sassafe, ya shiga ƙaramin kwalekwalen nan da ake kira kayak daga gaɓar Bahía Mansa. Kuma kada ya biya kowa cikakken kuɗi kafin ya tsaya a bakin tafkin ya ga yanayin ruwan da idonsa. Akwai wasu hanyoyin, zan kuma faɗe su, amma wannan ce tawa.

Wurin yana yankin Aysén ne, can kudancin Chile, cikin duwatsun Patagoniya. Tafkin shi ne mafi girma a ƙasar, faɗinsa ya kai murabba'in kilomita 1,850, kuma raba shi aka yi da Ajantina, inda suke kiran nasu ɓangaren Buenos Aires. Mutanen Tehuelche da suka riga kowa zama a can Chelenko suke ce masa, wato ruwa mai hadari. Wannan tsohon sunan ya fi duk wata takardar talla gaya maka gaskiyar abin da za ka tarar. A gefen tafkin akwai dutsen mabul, irin wanda muke gani an shimfiɗa a daɓen manyan masallatai, sai dai wannan ruwa ne ya sassaƙe shi. Shekara wajen 6,000 igiyar ruwa tana lasar dutsen tana narkar da shi kaɗan-kaɗan, har ta fafe ɗakuna da ginshiƙai da ƙofofi. Manyan wuraren uku ne: Catedral, da Capilla, da jerin kogwannin da ke jikin gaɓa. Tun 1994 gwamnatin Chile ta sa su cikin wuraren da doka ta kare. Babu hanyar ƙasa da za ta kai ka ciki, dole sai ta ruwa, shi ya sa zaɓen abin hawa shi ne dukan maganar.

Mafi yawan baƙi jirgi mai inji suke shiga daga bakin ruwan Puerto Río Tranquilo, inda rumfunan masu jirage suke jere. Shi ne mafi araha, tafiya da dawowa kamar awa ɗaya da rabi, kuma ga mai tafe da tsofaffi ko ƙananan yara ba ni da abin sukarsa. Amma kusan rabin lokacin a hanya yake ƙarewa, jirgin yana dukan igiyar ruwa, feshi yana jiƙa na baya. In an isa, matuƙi ya cusa hancin jirgin cikin kogo, kowa ya ɗaga waya, wani jirgin yana jira a baya, sai a ja da baya a wuce. Akwai kuma doguwar tafiya da ke haɗawa da kogwannin Puerto Sánchez, tsohon garin masu haƙar ma'adinai a ɗaya gefen. Ana ganin wurare da yawa, amma sai an ratsa buɗaɗɗen ruwa, kuma ita ce ta farkon sokewa in iska ta taso. Ita kuwa tafiyar yini ɗaya daga Coyhaique, babban birnin yankin, kada ma ka saurari mai tallarta.

Na san abin da nake faɗa a kan wannan ta ƙarshen, domin da ita na fara. Na biya wani kamfani ta intanet tun ban baro Santiago ba, cikakken kuɗi, mota da jirgi da abincin rana. Daga Coyhaique zuwa Puerto Río Tranquilo kilomita wajen 220 ne a kan babbar hanyar Carretera Austral, kuma bayan an wuce Villa Cerro Castillo akwai dogon zango na burji da tsakuwa, don haka tafiyar takan ci awa huɗu zuwa biyar. Muka isa bayan azahar, iska ta riga ta tashi, tafkin ya yi fari fat da kumfa. Sojojin ruwan Chile, waɗanda su ne ke da ikon buɗe tasha da rufe ta, sun hana kowane jirgi fita. Wannan daidai ne, ban ga laifinsu ba. Abin da ya ƙona mini rai shi ne direbanmu ya san iskar yankin takan ƙaru ne da rana, kamfanin ma ya sani, amma suka tsara isowa a lokacin da aka fi rufe tasha. Da na nemi a mayar mini da kuɗin jirgin da ban shiga ba, sai aka nuna mini wani layi da ƙananan haruffa cewa ba su da alhakin yanayi. Na bar motar ta koma ba ni, na nemi ɗaki a garin na kwana biyu.

Kwana biyun nan su suka haɗa ni da kayak. Da sanyin safiya aka ɗauke mu a mota zuwa Bahía Mansa, kilomita biyar kudu da gari, aka gangara wata hanya mai tsananin gangare zuwa bakin ruwa. Amfanin wannan gaɓar shi ne tana kusa da duwatsun kuma tana cikin lungu, tudu ya tare mata iska. Aka ba mu rigar kariya daga nutsewa, da wani siket na roba da ke rufe bakin kwalekwalen don kada ruwa ya shiga, aka koya mana riƙon filafili a kan yashi kafin mu taɓa ruwa. Mutum biyu a kowane kwalekwale, jagora a gaba. Ban taɓa tuƙa irinsa ba, amma cikin minti goma hannu ya saba.

Abin da kayak ke ba ka wanda jirgi ba zai iya ba shi ne kusanci da ruwa da shiru. Kana zaune ne daidai da fuskar ruwa, don haka ƙofofin da jirgi mai inji zai tsaya a bakinsu, kai sai ka sunkuyar da kai ka shige. A Capilla, wadda wani ƙaton dutse ne tsaye a cikin ruwa bisa siraran ƙafafu, mun shiga ta wannan gefe muka fita ta wancan. A ciki ba ka jin komai sai ruwa yana tsotsar dutse da ɗigon filafili. Bangon ba sumul yake ba, cike yake da ƙananan lotsawa kamar an bi shi da cokali, ga zane-zanen fari da toka da ruwan ƙasa suna murɗewa. Hasken safiya yana shiga ta ƙarƙashi, ya bugi ruwa, ya dawo kan rufin yana rawa. Kana leƙa ƙasa kana ganin ginshiƙan mabul suna ci gaba da nutsewa har inda ido ya gaza. Na daɗe ban ce komai ba sai tasbihi. Jagoranmu bai hanzarta mu ba, kuma da jiragen farko suka iso da ƙarar injinsu, mun riga mun yi kusan awa ɗaya mu kaɗai. Kuɗin kayak ya ninka na jirgi ko fiye, ana kuma yin kamar awa uku, kafaɗa za ta yi tsami washegari. Ban yi nadamar ko sisi ba.

Sai dai wannan ruwan ba abin wasa ba ne. Daga narkakkiyar ƙanƙarar duwatsu yake gangarowa, sanyinsa yana kashe jiki cikin ɗan lokaci ko da mutum gwanin iyo ne. A watan Disamba na 2015, Douglas Tompkins, Ba'amurken da ya kafa kamfanin The North Face kuma ya sayi filaye masu yawa a Patagoniya don kare daji, ya kife da kayak a wani sashe na wannan tafkin bayan iska ta taso musu. Mutum ne da ya shafe shekaru yana tuƙa kwalekwale, amma sanyin ruwan ya yi ajalinsa a asibitin Coyhaique yana da shekara 72. Saboda haka in na ce kayak, ina nufin da jagora, da safe, kusa da gaɓa, a ranar da aka buɗe tasha. Ban ce ka yi hayar kwalekwale ka fita kai kaɗai ba.

Sai batun macuta. Cuta ta farko tun kana gida take samunka, ta hoto. Dutsen nan ba shuɗi ba ne. Fari ne da toka. Shuɗin da kake gani na ruwa ne, domin ƙanƙara tana niƙe duwatsu su zama gari mai laushi, garin ya tsaya cikin ruwa yana mayar da haske, hasken kuma ya haska bangon kogo. In rana ta fito, launin yana da kyau ƙwarai ba tare da an ƙara masa komai ba. In gari ya yi lumshi, toka-toka za ka gani. Hotunan da masu talla ke bazawa a Instagram, waɗanda bango yake kamar an tsoma shi a marina, an ƙara musu launi ne a kwamfuta. Wanda ya yi maka alkawarin wannan launin ko wane irin yanayi, ƙarya yake yi, kuma mai yi maka ƙarya a kan launi zai yi maka a kan sauran.

Ta biyu ta fi haɗari. Ranar da aka rufe tasha, baƙi sun yi cirko-cirko, za ka iya samun wanda zai matso ya ce yana da hanya, akwai wani lungu da ake fita ba a gani. Ni ma an yi mini wannan tayin a ranar da na iso, lokacin raina yana ɓace kuma ina jin asarar kuɗina. Alhamdu lillahi ban karɓa ba. Mu da muka sha jin labarin kifewar jirage a kogin Kwara, a Kebbi da Neja, mun san yadda abin yake farawa: lodi ya wuce ƙima, babu rigar kariya, matuƙi ya ce ya saba. Kafin ka shiga, tambayi ko suna da rajista da Sernatur, hukumar yawon buɗe ido ta ƙasar. Duba ko an rubuta sunanka da lambar fasfo a takardar fasinjoji. Ɗauki rigar kariyar ka jujjuya ta, ka ja maɗaurinta, in ta yage ko ta yi maka yawa ka ce a sauya. Ga masu kayak kuma, tambayi kwalekwale nawa jagora ɗaya yake kula da su, da ko yana da rediyo, da abin da za su yi in wani ya kife. Mai gaskiya ba ya jin haushin waɗannan tambayoyin.

Sai 'yan kamasho. Wanda ya tare ka a inda bas ke tsayawa ba lalle ne yana da jirgi ba, sau da yawa sayar da kai zai yi ga mai jirgi ya ɗora nasa. Kalmar cikakkiyar tafiya ma ba ma'ana ɗaya gare ta a kowace rumfa ba. Sa a lissafa maka wuraren da sunansu, a faɗi awa nawa, a rubuta a rasit. In ana son kafin alƙalami, ba da kaɗan, kuma a rubuta cewa in an rufe tasha za a mayar maka ko a ɗaga zuwa gobe. Riƙe tsabar kuɗin peso tun daga Coyhaique, domin a ƙaramin gari irin wannan na'urar kati da intanet ba abin dogaro ba ne.

Game da lokaci, zafi da sanyi a can a juye suke da lissafin arewacin duniya. Daga Disamba zuwa Fabrairu ne zafinsu, ƙanƙara na narkewa, tafki ya cika, shuɗin ya yi duhu, amma baƙi sun yi yawa kuma iska ta fi ƙarfi. Daga Satumba zuwa Nuwamba ruwa yana ƙasa, ƙofofin sun fi buɗewa, kwalekwale yana shiga can ciki. Ko wane wata ka zaɓa, jirgin sama daga Santiago zai sauke ka a Balmaceda, daga nan ka bi mota zuwa Puerto Río Tranquilo, ka kama ɗaki na dare biyu ko uku. Da yamma ka zaga rumfunan ka yi tambayoyinka, ka sa sunanka a fitar farko ta safe, in kuma an wayi gari da iska, ka bari sai washegari.