Hattara da masu sayar da fawa saflai da katin girafik na bogi

Jama'a, musamman matasanmu da ke haɗa kwamfutar tebur da hannunsu don aikin bidiyo, zane ko gem, ku yi hattara da masu tallar kayan kwamfuta "na waje" da arha a Facebook da zaurukan WhatsApp. Ba zan kama suna ba, don yau a rufe shafi gobe a buɗe wani. Salon cutar ya kamata ku riƙe.

Mai sayarwa zai turo maka bidiyo, kwamfuta a kunne, fanka na juyawa, Windows ta buɗe. Ka tura kuɗi, a sa maka kaya a mota. Ka haɗa, ka shiga intanet, ka kalli YouTube, lafiya lau. Amma ranar da ka ɗora mata aiki mai nauyi, ka ce za ka fitar da bidiyo a manhajar tace bidiyo ta Premiere ko ka buɗe babban gem, sai ta ɗauke ɗif ta sake kunna kanta. In ka leƙa Event Viewer, inda Windows ke ajiye bayanin matsaloli, za ka tarar da saƙon Kernel-Power 41, wanda abin da yake faɗa kawai shi ne na'urar ta mutu ba a kashe ta yadda ya kamata ba. Ka kira mutumin, ya ce NEPA ce. Ka ce kana da istabilaiza, ya ce ai kai ne ba ka iya haɗi ba. Daga ƙarshe ya ce RAM ɗinka ne, kuma, ikon Allah, yana da wani na sayarwa.

Na farko, yawanci ɓarnar tana cikin fawa saflai, wato akwatin da ke rarraba wa sassan kwamfuta wuta. Sitika ce a jiki an buga 650W da tambarin 80 Plus na shaidar rashin ɓarnar wuta, amma cikin kwalin gwangwani ne mara nauyi. Kada babbar lamba ta ɗauke maka hankali, duba ƙaramin jadawalin da ke gefe, layin +12V, don daga nan firosesa da katin girafik suke shan wuta. Ninka amfiyar da aka rubuta a layin da 12, ka sami watt. In an rubuta 18A, watt 216 ke nan. Katin girafik na RTX 3060 shi kaɗai yana jan kusan watt 170, kuma kamfanin Nvidia mai shi ya ce a haɗa shi da fawa saflai na watt 550. To ina rabon firosesa? Shi ya sa kwamfutar take zaune lafiya in ba aiki, ta faɗi da an ɗora mata kaya. Wani ma jadawalin kansa ƙarya ne. Kuma irin waɗannan ba su da kariyar kirki: ran da za su ƙone, sukan tafi da madabod.

Na biyu, katin girafik da aka sauya wa suna. Sananniyar dabara ce a ɗauko tsohon GTS 450 na 2010, a canza masa BIOS, wato manhajar da ke cikin katin, ya riƙa nuna kansa a matsayin GTX 1050 Ti mai 4GB, alhali ma'ajiyarsa ba ta kai haka ba. Da gem ya nemi wurin da babu shi, sai allo ya yi zane-zane ko shirin ya rufe. In ka ga "1050 Ti" da ramin VGA mai shuɗi, ka yi shakka. Buɗe manhajar GPU-Z mai nuna bayanan kati: na gaske yana da shaders (ƙananan sassan lissafin hoto) 768, GTS 450 kuwa 192, kuma sau da yawa manhajar da kanta za ta rubuta FAKE a gaban sunan.

Akwai kuma katunan da aka yi haƙar kirifto da su dare da rana, irin RX 580, waɗanda suka cika kasuwa bayan Ethereum, ɗaya daga cikin kuɗaɗen kirifto, ta daina tsarin haƙa a Satumbar 2022. Sayar da su ba laifi ba ne. Laifin shi ne a goge ƙura a ce maka sabo ne.

Don adalci, ba kowace mutuwar kwamfuta ce damfara ba. Zafin bazara, ƙurar hunturu a fanka, busasshen man da ke taimakawa wajen sanyaya firosesa, ko XMP (saitin ƙara wa RAM gudu) da RAM bai ɗauka ba, duk suna kawo haka. Shirin HWiNFO zai nuna maka zafi, shirin MemTest86 ya gwada RAM. In waɗannan sun fita lafiya, ari fawa saflai mai kyau wurin aboki ka gwada. In matsalar ta ɓace, ka gano ɓarawonka.

Kafin ka biya, a kunna FurMark ko gwajin wuta na OCCT, manhajojin da ke ɗora wa kwamfuta aiki mai nauyi don gwaji, a gabanka na rabin awa. Mai kaya na ƙwarai ba ya jin tsoron wannan. In daga nesa ne, ka tura wanda ka yarda da shi, kuma ka karɓi rasit mai lambar jikin kayan.

Wanda ya riga ya faɗa hannunsu, ya adana hirarsu da shaidar tura kuɗi, ya sanar da bankinsa da wuri, ya kai ƙara ga 'yan sanda ko hukumar kare haƙƙin masu saye ta FCCPC. Fawa saflan kuwa a cire shi yau, kuma kada a kwance shi don ganin ciki, kafasitocinsa na riƙe wuta ko bayan an zare soket.