Tankin kankare ko akwatunan roba: wanne ya fi dacewa da rukunin gidaje goma?

Malam, ka tambaya ko tankin kankare ne ya fi ko akwatunan roba da ake jerawa a ƙarƙashin ƙasa, wajen tare ruwan sama a rukunin gidaje goma da kake ginawa. Kafin zaɓi, sai an san yawan ruwan. Ruwan milimita ɗaya a kan murabba'in mita ɗaya lita ɗaya ne, saboda haka idan rufin kwano da daɓen harabar sun kai murabba'in mita 2,000, ruwan milimita 50 irin na Agusta zai tara kusan lita 100,000. Ba sai tankin ya ɗauke shi duka ba, domin aikinsa shi ne ya riƙe ruwan na 'yan sa'o'i yana sakinsa sannu a hankali ta ƙaramar kafa zuwa magudanar unguwa.

Akwatunan roba suna da sauƙin ɗauka da jerawa, kuma kusan kashi 95 cikin 100 na cikinsu fanko ne, alhali ramin da aka cika da tsakuwa da kyar yake kaiwa kashi 40. Sai dai dole a naɗe su da leda mai kauri wadda ba ta yoyo, a kuma binne su da kaurin ƙasar da masana'antar ta ƙayyade kafin mota ta taka.

Kankare kuwa yana cin rodi da siminti da katako, kuma sai ya yi kwana 28 kafin ya kai ƙarfin da aka tsara masa. Amma idan injiniya ya zana shi da kyau, tankar ruwa za ta bi ta kansa ba fargaba, kuma a fili mai dausayi nauyinsa na taimaka masa kada ruwan ƙasa ya turo shi sama idan babu komai a ciki.

Inda suka fi bambanta a ganina shi ne yasa. Ruwan farkon damina da yashi da ledojin fiya wata yake zuwa, kuma da zarar laka ta maƙale a lungunan akwatunan roba, fitar da ita aiki ne ja. A tankin kankare, buɗe murfi za a yi, a bari iska ta shiga sosai, sannan lebura ya sauka da shebur da bokiti, wani na tsaye a sama yana lura da shi. Saboda haka ni kankare zan ba ka shawara, tare da ɗan ramin tace laka mai raga a bakin mashigar, wanda za a riƙa kwashewa kafin damina ta faɗi.