Sharhi: Jagoran da ya kai mu wuraren Montu a Luksor

A hutun karatu ni da abokaina biyu muka hau jirgin ƙasa daga Alƙahira zuwa Luksor, muka ɗauki jagora na wuni ɗaya. Tun a waya muka ce masa ba Kwarin Sarakuna, inda kaburburan fir'aunoni suke, ya kawo mu ba, wuraren Montu muke so, wato abin bautar yaƙi na Misirawan dā.

Dattijo ne mai haƙuri, ya kuma san aikinsa. Da haikalin Montu na ƙauyen Tod ya fara mana, kimanin kilomita 20 kudu da Luksor. Daga mu sai mai gadi. A bango ya nuna mana siffar Montu: jikin mutum, kan shaho, faifan rana a ka, da dogayen gashin tsuntsu guda biyu a kan nasa. Sai ya ce, "'Ya'yana, ku saurari sunan Mentuhotep, me kuka ji a ciki?" Ashe ma'anarsa "Montu ya gamsu". Fir'auna Mentuhotep na biyu ne ya sake haɗa kan Masar wajen shekara ta 2055 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), daga baya ne wani abin bautar mai suna Amun ya sha gaban Montu a yankin. Wannan darasin kaɗai ya biya kuɗina.

Abin da ya fi tsaya min a rai shi ne da ya ba mu labarin dukiyar da Faransawa suka haƙo a nan a 1936: akwatuna huɗu na tagulla ɗauke da sunan Fir'auna Amenemhat na biyu, cike da ƙoƙunan azurfa da shuɗin dutse mai daraja. An raba kayan tsakanin Alƙahira da gidan tarihi na Louvre. Zuciyata ta sosu, domin masu ƙasar ma sai sun je Faransa kafin su ga wani ɓangare.

Sai dai ina da ƙorafi. Direba ya makara awa biyu, don haka ba mu je Armant ba, garin da a dā ake binne bajiman bauta masu suna Bukis da aka danganta da Montu. A babban haikalin Karnak da ke Luksor kuma muka tarar da sashen Montu a kulle, alhali da shi aka yi ciniki, jagoran bai faɗa mana tun da wuri ba. Ya ba da haƙuri, ya rage mana kuɗi.

Zan sake ɗaukarsa in Allah ya maimaita. Amma wannan karon daga sallar asuba za mu kama hanyar Armant.